Murɗawa Ta Uku

Tun da aka hana motocin fetur, sau ɗaya a shekara jami'a take zuwa gidan Tasalla. Doka ta ce a murɗa makullin mota sau uku. In tsohuwar motar mahaifinta mai ƙaton inji ba ta tashi ba, a tafi da motar a narkar.

Baba Ilu, bakanike na ƙarshe a Gusau da ya san irinta, ya goge fulogi, ya wanke kafireta. Tasalla ta murɗa, shiru. Ta sake, motar ta yi tari ta mutu.

"Saura ɗaya, Hajiya," in ji jami'ar.

Tasalla ta leƙo ta taga. "Baba, matsalar wuta ce ko ta mai?"

Bai waiwayo ba. Ya ɗan juya distiributa mai raba wuta, ya dafa injin, sannan ya ɗaga mata hannu.

Ta yi bisimilla ta murɗa. Injin ya ɗauka da ruri, jami'ar ta toshe kunne.

Baba Ilu ya leƙo, yana kallon leɓɓanta.

"'Yata, gaya min, muryarta ta daidaita? Ni tun bara na daina ji."