Sunan 'Yar Fari

Tun da aka daina rubutu a asibitin, na'urar kan gado ke naɗar maganar majiyyaci. Ranar da ya bar gadon, sai nas ta goge.

Da hantsi Sista Larai ta zo goge muryar tsohuwar da aka binne jiya, ta tarar da 'yar marigayiyar tana naɗe darduma. Larai na taɓa allon na'urar, sai na'urar ta dawo da tambayar ranar kwanciya: "Wa za a kira?"

"Saratu," in ji muryar mamaciyar.

Matar ta durƙushe. "Sista, ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kama sunana ba. Don Allah ki sake."

Sabon majiyyaci na ta nishi a bakin ƙofa. Larai ta kau da kai, ta sake dannawa.

"Saratu."

"Na'am, Inna."