Duwatsu Bakwai a Filin Golf

"Sabon malamin nan naku ɓarawo ne," in ji tsohuwar, tun ɗanta bai gama cire takalmi ba.

Shawara ya zo nema. Abokan aikinsa a Parakou duk sun soma koyon golf wurin malamin da aka kawo daga Kwatano, shi kaɗai ne bai yanke ba.

"Me ya satar miki, Inna? Ko saninki bai yi ba."

Ta ja mayafi, ta tasa shi gaba har filin. Shekara arba'in baya, nan ne zangon fatake. Nan ayarinsu na goro ya sauka daga Djougou, nan ta jera duwatsu bakwai a gindin kaɗanya, ta ci gaba da tafiya da zanen goyo a hannu. Turawa suka zo suka mai da wurin filin golf, suka tafi, duwatsun na nan. Tsohon malamin golf ɗin ma kewaye wurin yake yi da ɗalibansa, har yakan cire hula.

Yau babu ko ɗaya. An kwashe, wai suna tare ƙwallo. An haƙa ɗan rami, an kafa jar tuta. Wani mai farar riga ya buga, ƙwallon ta gangara ta faɗa ciki, aka hau tafi.

Ta damƙe hannun ɗanta. "A kan kabarin yayarka suke tafi. Je ka koya in kana so, amma fara kawo mini sabon malamin nan, ya gaya mini inda ya zubar da duwatsuna."