Takalman Roba

Da 'ya'yan kifin salmon suka fara mutuwa, manajan gidan ƙyanƙyasar ya ce, "Wani ya shiga kogi da takalman aiki, ya kwaso mana cuta. Gobe likitan kifi zai duba na kowa."

Tare muke aiki da 'yata, kuma na ga laka a nata. In aka kore ta, wa zai ɗauke ta a ƙauyen nan namu na Hokkaido, a ƙasar Japan?

Na faki ido na ɗauke takalmanta, na zagaya bayan rumfar raga. Can na same ta a durƙushe, tana dirzar nawa da burushi.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, ajiye nawa, lakar gona ce. Kai ne ka tsallaka kogi ranar Asabar."