Ruwa a Fiffiken Hagu

Kwana uku ana tafka ruwan sama, ƙaramin jirgin saman Injiniya yana ajiye a filin jirgi babu rumfa. Ranar da gari ya washe, ya shirya kai yayarsa wurin 'yarta da ta haihu. Tafiyar kwana biyu ce a mota, shi kuwa awa biyar ta ishe shi. Shekara goma sha takwas yana tuƙa jirgin nan mai kujera huɗu, har ya fara ganin ba shi da sauran abin koyo.

Tankunan man irin wannan jirgi a cikin fikafikai suke, dama da hagu. Ƙa'ida ce kafin a tashi matuƙi ya durƙusa ƙarƙashin kowane fiffike, ya tsiyayi mai a ɗan kofin gilashi, ya ɗaga ya duba. In ruwa ya shiga, a ƙasan kofin zai kwanta.

Injiniya ya tsiyayi na dama, ya ga mai fes. Da ya zagayo hagu sai ya tarar da taɓo male-male, ga shi farin wando ne a jikinsa. Ya dubi taɓon, ya dubi agogo, ya jefa kofin a aljihu.

Tsohon makanikin filin ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, na hagun fa? Murfinsa ya saki, tun wancan watan na faɗa maka."

"Haba Baba, rana ɗaya aka zuba su. In na dama lafiya, na hagu ma lafiya."

Yaya tana ciki, ta rungume jakar kayan jariri. Ta ce, "Auta, ni fa gabana faɗuwa yake. Wannan abu kamar akwatin ashana!"

Ya yi dariya. "Ke kika goya ni ina ƙarami, Yaya. Yau ki bari in goya ki."

Awa biyu suka yi lafiya lau da man dama. Yaya ta saki jiki, har tana nuna masa koguna da garken shanu. Gajimare ya sauko, shi ma ya rage tsayi ya bi ta ƙarƙashinsa. Nan ne ya murɗa makunnin mai zuwa tankin hagu.

Injin ya yi tari sau biyu, ya ɗauke. Ba a jin komai sai iska.

"Auta, kai ka kashe shi?"

"Ba komai, Yaya."

Ya mayar da makunnin dama, amma ruwa ya riga ya cika bututu, ƙasa kuma ta matso. Ya nufi wata gona. Bai ga ramin da ya ratsa ta ba.

A asibiti ya farka da karaya a cinya, bayan an binne Yaya da kwana biyu. Masu bincike sun tsiyayi fiffiken hagu, ruwa ya cika kofi uku kafin mai ya fito.

Yanzu da sanda yake tafiya. Ƙara ba ta damunsa, shiru yake tsoro. Da fanka ta tsaya ko firji ya ɗauke, sai zufa ta karyo masa, ya ji muryarta a kafaɗarsa ta dama tana tambayar ko shi ya kashe.

Wata rana 'yar marigayiyar ta zo gaishe shi da jaririya a hannu. Ta ce, "Kawu, Mama ta ji tsoro?"

Ya so ya yi mata ƙarya, sai ya ga gaskiyar ce a bakinsa. "Ba ta ji ba. Na ce mata ba komai, ta yarda da ni." Ya kifa fuska a hannu, kuka ya ƙwace masa.

Mai karatu, daɗewa a kan aiki ba ta ɗauke wa kowa duba abin da aka ce a duba. Wanda ya shiga abin hawanka ya damƙa maka ransa ne, kada ƙyamar taɓo ko gaggawar minti biyu su sa ka ci amanarsa.