Gurbin da Aka Bar wa Yaya

Ka ce sai ayyuka sun lafa za ka je ka zauna da tsohonka. Ni da na raka nawa makwancinsa bara, ba wa'azi zan yi maka ba, misali kawai zan ba ka.

An yi wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, masu ƙera amalanken shanu a bakin wata kasuwa. Wan mai walda ne tun yana saurayi. In manomi ya zo, sai ya ba shi benci, ya tambaye shi hanyar gonarsa, da shekarun bijimansa, da abin da zai riƙa ɗauka, taki ne ko dami ko jarkokin ruwa. Kafin hira ta ƙare ya riga ya san kaurin sandar ƙarfen da tayoyi za su hau, da boris, wato abin da taya ke juyawa a kai, wanda zai dace da ita, da irin tayar. Shi kuwa ƙanen birni ya je ya koyo zane a kwamfuta. Da ya dawo sai ya haɗa wani jadawali ya ɗaura shi da zanen amalanke. Kana rubuta tsawo da faɗi da nauyin kaya da irin hanya, sai zanen ya miƙe ko ya tsuke da kansa, ya ajiye siririyar sanda ya ɗauko mai kauri, boris ya bi sanda, noti ya bi boris. Aikin yini guda ya koma na shan kofin shayi. To amma kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka zuba mata, don haka kullum bayan la'asar ƙanen kan jawo kujera kusa da wansa, yana tambaya yana cike gurabe. Wan kan yi dariya ya ce, "Wato juye ni za ka yi a akwatin nan kamar gero a buhu?" Ya kuwa juyu, layi bayan layi, sai wuri ɗaya: kaya mai nauyi a hanyar rairayi. Wannan, in ji wan, ba a faɗarsa a zaune, sai sun je tare ya nuna masa yadda taya ke nutsewa. Aka sa rana, aka ɗaga. Aka sake sawa, biki ya ratso. Don kada gurbin ya zauna fayau, ƙanen ya rubuta a ciki, "A tambayi Yaya." Ina abin damuwa, tunda Yaya na nan taku biyar, a sunkuye bayan tartsatsin walda? Ana haka zazzaɓin kwana uku ya yi awon gaba da wan.

Bayan an share makoki aka buɗe shago, aiki bai tsaya ba. Duk zanen da ya fito, zaɓin marigayin ne a cikinsa. Wani lokaci ko babu mai saye, ƙanen kan zauna ya rubuta nauyin da ya ga dama, don kawai ya ga wace sanda Yaya zai ɗauko. Sai ya gyaɗa kai, kamar an amsa masa. Gab da kaka wani dattijon manomi ya zo daga wani ƙauye mai rairayi. Amalanken da marigayin ya yi masa shekara goma sha tara da suka wuce ta gaji, yana son sabuwa kafin a yanke dawa. Ƙanen ya rubuta awon, ya danna. Zane ya fito da gangar amalanke a rataye, ba sanda, ba taya, sai kalmomin nan uku a ƙarƙashinta. Har ya waiga wajen injin walda, ya buɗe baki, sannan ya tuna. Da ya rasa abin yi, sai ya zaɓi sandar da ta fi kowace kauri da tayoyin da suka fi kowanne nauyi, yana ganin ai ƙarfi ba ya ɓaci. Bayan mako uku dattijon ya dawo a ƙasa, ya yi gaisuwa, ya zauna a benci. Can ya ce, "Ɗana, ƙarfe kam ka zuba, jikokina ma ba za su ga karyewarta ba. Sai dai bijimaina sau biyu suna durƙusawa kafin bakin gona, ga dawata can a zube." Ƙanen ya roƙa a nuna masa tsohuwar ya auna, aka ce tuni 'yan gwangwan sun yanka ta sun ɗora a sikeli. Ya tambaya ko marigayin ya taɓa faɗin dalilin zaɓinsa. Dattijon ya ce shi dai abin da ya gani, mutumin ya zo ya taka hanyar da ƙafarsa, ya damƙi ƙasa ya murza, ya yi murmushi, ya hau babur ya tafi. Washegari ƙanen ya bi dattijon har ƙauyen. Ya tuɓe takalmi ya taka hanyar tun daga ƙofar gida har gona, ya dawo, ya sake komawa. Ya durƙusa ya damƙi rairayin ya murza, ya jira. Rairayin ya zube ta tsakanin yatsunsa, bai faɗa masa komai ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da na sani ƙeya ce, a baya take.