Wanda Mama Ta Tambaya

Likitar ta cire safar hannu ta jefa a kwando, sannan ta tambayi Mama tun yaushe jinin ya dawo. Mama ta kalli bango ta ce ya kwana biyu. Sai da Yaya, babbar 'yarta, ta matsa mata ta ce ya fi shekara.

Auta yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da jakar mahaifiyarsa. Bai kamata ya ji ba, amma labule ba ya tare magana.

Likitar ta yi bayani a hankali. Mace idan ta daina al'ada, duk jinin da ta gani daga baya ba al'ada ba ce, kuma ba abin da za a zauna da shi a gida ba ne. Da an zo da wuri, da mahaifar za a cire, Mama ta koma kan keken ɗinkinta. Yanzu ciwon dajin ya wuce mahaifa. Abin da ya rage sai ƙarin jini da maganin rage raɗaɗi.

"Me ya hana ki zuwa, Mama?" in ji likitar.

"Na sa an tambayar mini. Aka ce ba komai ba ne, shekaru ne."

Likitar ta tambaye ta wa ya faɗa. Mama ta gyara mayafinta.

Shekarun baya, da zafi abin ya fara. Tana cikin taka keke sai gumi ya keto mata, ta ɗauki guntun yadi tana fifita. Yaya ta riƙa tsokanarta, wai Mama ta zama murhu, a kawo tukunya a ɗora. Mama ta yi dariya ta ce kowa ya jira nasa. Baba ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin waje, don ba ta yarda a rufe taga ko ana sanyi. Da zafin ya lafa, gida ya ɗauka an gama. Ba wanda ya lura ta fara wanke zannuwanta da kanta, tana shanya su a bayan ɗaki.

Auta kullum da yamma yake dawowa daga kemis ɗin da yake tsaro. Bai gama makaranta ba, amma ya san magani kamar yadda ya san 'yan gidansu, kuma duk layin ba mai saurinsa. Mutum bai rufe baki ba ya miƙa masa. Da ya ga tafin hannun Mama ya yi fari, sai ya kawo mata maganin ƙarin jini na kwalba. Ta sa masa albarka ta shanye.

Daga ranar asibitin nan bai sake samun sukuni ba, sai neman wanda ya ce ba komai ba ne. Ya je wurin mai maganin gargajiya na bakin titi ya cakumi wuyan rigarsa. Mutumin ya rantse bai taɓa ganin Mama ba, ya ce shi basir yake bai wa magani. Ya je wurin nas ɗin da ke haya a maƙwabta. Ta ce da ita aka tambaya, da a ranar ta sa Mama a mota. Baba kuwa ya sunkuyar da kai, ya ce shi labarin ma a asibiti ya ji.

A gadon asibiti Mama ta ƙanƙance, har zoben hannunta ya koma babban yatsa. Auta ya durƙusa kusa da kunnenta.

"Mama, sunansa kawai nake so."

"Ka ci abinci kuwa?"

"Mama."

"Mutumin kirki ne. Ka rabu da shi."

Ta rasu da hantsi, ana goge ƙasan ɗakin. Da suka dawo gida, riga ce a ƙarƙashin allurar keken, an ɗinke hannu ɗaya.

Bayan masu ta'aziyya sun ragu, Yaya ta buɗe aljihun keken tana neman almakashi. Sai ga ledojin ƙwayar tsayar da jini, duk an shanye, an jera su a ƙarƙashin zare. Irin wadda kowane kemis ke sayarwa ce. Yaya ta ce Mama ba ta fita sayen magani, kuma ba mai shiga ƙuryar ɗakinta sai mai kitso.

Auta ya tarar da mai kitso a tsakar gidanta da kan wata mata tsakanin gwiwoyinta. Da ta gan shi sai ta soke tsinken a gashin, ta ce wa matar ta ɗan ba su wuri.

Ta amsa cewa ita aka aika, ita ta sayo ƙwayar farko, sauran kuma ta riƙa sayo su duk inda ta samu. Amma Mama ta sa ta rantse ba za ta faɗi wanda aka tambaya ba. Auta ya ce ba zai taɓa shi ba, fuskarsa kawai yake so ya gani. Ta girgiza kai. Ya ce mutumin yana nan a zaune, gobe wata uwar za ta aika a tambaye shi, ya sake cewa shekaru ne.

Mai kitso ta daɗe tana goge man da ke yatsunta a gefen zani. Idonta ya cika.

"Ɗana, ta ce bakinta ba zai iya faɗa wa wanda ta haifa irin wannan maganar ba, kuma duk duniya ba wanda ta yarda da saninsa kamar shi. Shi ne na zo shagonka na ce wata ƙawata ce. Ko kai ba ka ɗago ba."