Matan da ke Cikin Na'urar Kawu Nicanor

Yaran yanzu ba ku da haƙuri, kuma ba ku tambaya. Kun iya shafa gilashi da yatsa, sai ku ɗauka kun gama sanin duniya. Mai ganin sharri nake muku ya je ƙauyen masunta na Boca Mansa ya tambayi Deiver yadda ya yi bikin Ista.

Deiver ɗan ƙanwar Nicanor ne, tsohon masuncin da duk gaɓar ta sallama wa. Nicanor kan dawo kafin rana ta take, kwalekwale cike da kifi, tarunsa ko zare ɗaya bai tsinke ba. Kullum akwai 'yar na'urar GPS rataye a wuyansa, gishiri ya cinye rubutun jikinta. Kowa ya ce sirrin kifin yana cikinta.

Da na'urar ta fara suma tana farfaɗowa, 'yarsa ta aiko masa da sabuwa daga Cartagena. Tsoho ya kira Deiver.

"Kai, sarkin latse-latse, zo ka kwashe abin da ke cikin tsohuwar ka zuba mini a sabuwar. Ka bar ko ɗaya a baya, in cire maka kunne."

"Haba Kawu, kafin kofinka ya huce na gama."

Ya jona tsohuwar da tablet ɗinsa da 'yar igiya, ya jawo fayil ɗin, ya cire, ya jona sabuwar, ya tura. Wuraren suka fito a kan taswira kamar an watsa shinkafa a teku, kowane ɗigo da sunan mace. Tomasa. Etelvina. Dioselina. Sai Praxedes, har wuri uku.

Deiver ya kusa shaƙewa da dariya, don Praxedes surukarsa ce, uwar matarsa Yuranis.

"Kawu! Har da Inna Praxedes? Ashe an sha gwagwarmaya a zamanin da."

"Rufe mini baki, marar kunya. Kowacce ta san abin da ya kai sunanta can."

Tsoho ya karɓi kayarsa ya tafi. Deiver bai goge abin da ya rage a tablet ba.

Makon Ista ya matso, lokacin da ba mai taɓa nama, kifi ya zama sarki. Deiver ya ari na'urar wani abokinsa, ya zuba mata wuraren kaf. Saura taru. Nasa duk ramuka ne, amma Inna Praxedes na da sabo dal, wanda ta kwashe damina guda tana saƙawa a gindin bishiyar almendro, tana jiran mai saye.

"Inna, ki ara mini na yini ɗaya. Zan cika miki gida da kifi har ki rasa tukunya."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai da ba ka taɓa kamo abin da ya ƙoshi kyanwa ba?"

"Yanzu na san hanya."

Yuranis ta sa baki, tsohuwa ta bayar tana gunaguni. "Yadda ka ɗauka haka za ka dawo da shi."

Ya fita yana fito. Lissafinsa mai sauƙi ne: wurin da tsoho ya saka wa suna ɗaya har sau uku, nan zuciyarsa take, nan kuma kifin yake. Ya bi kibiyar da ke kan taswira har na'ura ta yi ƙara a kan Praxedes ta farko, ya zuba taru.

Da ya zo ja, igiya ta yi nauyi kamar ya kamo saniya. Ya yi ihu shi kaɗai a tsakiyar teku, har ya fara tunanin sabon inji. Ya ja, ya ƙara ja. Sai ya ji ɓaaar, abu ya saki. Rabin taru ya taso babu ko ɗan kifi.

Mai hankali da ya juya gida. Deiver ya ce tsautsayi ne, ya nufi Praxedes ta biyu da rabin da ya rage. Abin da ya dawo da shi gaɓa, da ƙyar zai rufe kejin kaji.

Bai tsaya gaban surukarsa ba, ya wuce wurin Nicanor yana huci, mata masu gyaran taru, har da surukar tasa, suna kallo.

"Kawu, ka san zan kwafa, shi ya sa ka murɗe lambobin!"

"Au, ka kwafa?" Tsoho ya ajiye soyayyar ayabarsa. "Ni da ban iya kunna abin ba sai da taimako? Yadda suke haka ka ɗauka. Ina ka je?"

"Praxedes."

Nicanor ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Matan suka kama dariya, Tomasa na riƙe da ciki. Inna Praxedes kaɗai ba ta yi ba. Ta miƙa wa Deiver allurar saƙa da ƙunshin zare, ta nuna masa kujera a tsakiyarsu.

Nan ya yi Ista. Ana kaɗe-kaɗe a dandali, ana rabon kayan zaƙi gida-gida, shi yana ƙulla ido bayan ido, tsofaffi na dukan hannunsa in ya karkace. Sai da ruwan sama ya dawo ya gama biya.

Ranar da ya ƙulla na ƙarshe, Nicanor ya ba shi sabuwar na'urar, ya sa ya goge Praxedes ta farko ya rubuta Deiver da hannunsa. Don wuraren kifi a cikin kansa tsoho ke ajiye su. Abin da ke cikin na'urar duwatsu ne da tarkacen jiragen da suka taɓa yaga masa taru, kowanne da sunan wadda ta zauna ta ɗinke.